Ina Can Ina Auna Iskar Juji

Wanda ya yi alkawarin tarya ta a filin jirgin saman Kuala Lumpur bai zo ba. Kabiru sunansa, ɗan ƙasarmu ne. Wani abokin aikina a kwalejin da nake koyar da ilimin sinadarai a Dutse ne ya haɗa mu ta waya. Tun ina gida ya ce ya kama mini ɗaki kusa da jami'a, har hoto ya turo: gado, tebur, taga mai koren labule. Ni kuma na tura masa kuɗin haya kafin in taso. Na zauna a kan akwatina ina kallon ƙofa, duk baƙar fatar da ta ɓullo sai in miƙe. Na yi ta kiran lambarsa har cajin wayata ya kusa ƙarewa.

Da na gaji, na shiga mota na nemi adireshin da kaina. Wata tsohuwa 'yar asalin Sin ce ta buɗe mini ƙofa. Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce cikin gurguwar Turanci, "Ɗakin nan nawa ne, amma da mutum a ciki. Ba kai ne na farko da ya zo da hoton nan ba."

Ta shiga ciki, na zaci rufe ƙofa za ta yi. Sai ga ta da ruwan sanyi a kofi. Ta tsaya har na shanye, ta nuna mini wani ɗan masallaci a ƙarshen layin. A nan na yi kwanakina na farko a Malesiya. Ladanin ya ba ni lungun da ake ajiye dardumomi, bai tambaye ni takarda ba.

Da na ba Zulai matata labari, dariya ta fara yi. "Abban Ummi, kai da ka tafi neman digiri na uku, tun a bakin ƙofa aka yi maka darasi na farko." Sai bayan na dawo gida ta gaya mini tana ajiye wayar ta fashe da kuka.

Ummi ita ce 'yarmu, ita kaɗai Allah ya ba mu a lokacin. Na baro ta tana shekara huɗu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka babu mai kiran ainihin sunan a gidanmu, ni kuwa ko da wasa bai taɓa fita daga bakina ba.

Daga masallacin nan na koma ɗakin wani ɗalibi ɗan Bangaladash mai suna Rafik, wanda muka haɗu a sahun sallar Juma'a. Ya janye katifarsa gefe, ni na shimfiɗa tawa. Shi yana dafa shinkafa da kifi mai yaji, ni ina kewar tuwon dawa da miyar kuka har in ji ƙamshinta a hancina alhali babu ita.

Malamar da za ta duba aikina, Farfesa Lim, gajeriyar mace ce marar yawan magana. Na je da niyyar bincike a kan tace ruwan sha. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kuɗin binciken da ke hannuna na juji ne. In kana so, gobe ka zo da takalmin roba. In ba ka so, ka nemi wani malamin."

Na sayi takalmin roba. Da labari ya kai ga yayana, Yaya Sale, a ƙauyenmu da ke gefen Kafin Hausa, cewa ya yi, "Habibu, duk jujin da ke nan bai ishe ka ba, sai da ka hau jirgi?"

Aikin ba shi da wuyar bayani, wuyarsa a yi ne. Idan aka tara sharar gari aka binne, tana ruɓewa tana fitar da iska. Mafi yawanta iskar nan ce mai kama wuta, kowa ya san da ita. Amma a cikinta akwai wasu 'yan kaɗan da ba a lura da su: mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da masu fitowa daga ragowar fenti, da man goge-goge, da maganin ƙwari, da roba. Ba su da yawa, amma su ne masu wari, wasunsu kuma su ne masu cutarwa. Abin da Farfesa Lim take son sani shi ne yadda suke ratsawa ta cikin sharar da ƙasar da aka rufe ta da ita, nawa ne yake maƙalewa a hanya, nawa ne yake kaiwa hancin mutane.

A ɗakin gwaji muna da dogayen bututun gilashi. In cika wannan da jar ƙasa, wancan da taki, wani da garin gawayi, wani da yankakkiyar leda da tsumma. In saki iskar ta ƙasa, in zauna ina jiran na'ura ta nuna ta fito ta sama. A cikin yashi, kafin ka gyara zama ta fito. A cikin gawayi kuwa sai ka yi sallolin yini ba ta ɓullo ba, ya riƙe ta. Daga nan sai in koma kan kwamfuta in rubuta lissafin da zai kwaikwayi wannan tafiya, yadda in aka ba shi irin ƙasa da kaurinta zai faɗi abin da zai faru ba sai an gwada ba.

Jujin kansa yana wajen gari, tafiya ce mai ɗan nisa ta cikin gonakin kwakwar manja. Tudu ne guda, ya fi wasu duwatsun Dutse tsawo, motoci suna hawa kansa suna juyewa. Direban jami'a da yake kai ni dattijo ne mai farin gemu, Pak Yusof. Pak a wurinsu kamar ka ce Baba ne. Turancinsa kaɗan ne, nawa harshen nasu bai wuce gaisuwa ba, saura sai mu cike da hannu da 'yan kalmomin Larabci. Ina soka bututun ƙarfe a cikin tudun ina zuƙo iska cikin jakunkuna, shi yana zaune a inuwar mota yana jan carbi.

Warin wurin ba ya fita da wanka ɗaya. Idan na shiga bas da yamma, sai kujerar kusa da ni ta zauna babu kowa. Har na baro ƙasar ban tantance ba ko fatata ake gudu ko warin. Pak Yusof dai bai taɓa matsawa ba. Rana ta biyu da ya ga burodi kawai na zo da shi, ya buɗe ƙunshin ganyen ayabarsa ya raba shinkafar biyu. Daga ranar matarsa ƙunshi biyu take yi.

Lokacinsu ya sha gaban namu, ina sallar la'asar su Zulai suna karin kumallo. A lokacin muke waya ta bidiyo in ranar babu makaranta, domin ita ma koyarwa take yi a firamare. Ummi ba ta damu da fuskata ba. "Abba, nuna mini biri." Birai sun cika harabar jami'ar, suna kwance shara suna satar abincin ɗalibai. Sai in fita in yi ta yawo da waya a sama ina neman biri, ita tana ba ni umarni, "Ba wannan ba, mai ɗan."

A shekarata ta biyu ne Zulai ta fara maganar ramin. Bayan gidan da muke haya a unguwar Yalwawa a Dutse akwai wani fili da mai shi ya haƙa ya buga tubali, ya bar rami. Da farko ganye da toka ake zubawa. Sannu a hankali unguwa ta mai da shi juji, leda da tsumman yara da batura da komai. In ya cika sai wani ya cinna masa wuta da yamma, ya kwana yana ci a hankali.

"Ummi tana tari," in ji ta. "In an kunna wutar nan sai ƙirjinta ya riƙa kuka kamar mage."

"Kun je asibiti?"

"Mun je. Sun ce asma ce, sun ba ta abin shaƙa."

"Ki riƙa rufe tagar baya. Ki jiƙa zane ki rataya. In da za a samu a rufe ramin da ƙasa mai kauri..."

"Abban Ummi, ni da wa za mu rufe shi?"

Ta je wurin mai unguwa, ya yi magana a masallaci. Aka kafa allo aka rubuta Allah ya isa ga duk mai zubar da shara a nan. An ɗan daina, sannan aka ci gaba, har allon ma ya ƙone. Na ce ta kwashe su koma ƙauye wurin Yaya Sale. Ta ce tsakiyar zangon karatu ake, kuma can ɗin asibiti ya fi nisa. Muka tsaya a kan ta nemi wani gidan in an yi hutu. Abin shaƙar ya karɓi yarinyar, tarin ya lafa, hankalinmu ya ɗan kwanta.

Ni kuma a can lissafina ya ƙi. A ɗakin gwaji yana faɗar daidai, amma in na gwada shi da abin da na auno a juji sai ya kauce. Na yi watanni ina juya shi. Farfesa Lim ta duba ta ce, "Ƙasar cikin bututunka a bushe take. Ka taɓa ganin jujin nan a bushe?" Gaskiyarta, ƙasarsu kusan kullum cikin ruwan sama take. Ruwa yana toshe ƙofofin da iskar take bi, sai tafiyarta ta ragu. Amma kuma yana mamaye wuraren da za ta maƙale a jikin ƙasar, sai abin da ake riƙewa ya ragu. Abu biyu ne suke ja, kowa da gefensa. Da na shigar da su duka, layin da kwamfuta ta zana ya hau kan abin da na auno. Rafik ya saya mini shayi mai madara don murna. A makon ne kuma na miƙa fasfona a ofishin ɗalibai baƙi don sabunta izinin zama, kamar yadda ake yi kowace shekara.

Wata rana ina kan tudun, bayan azahar, hannuna cikin safar roba. Na hango Pak Yusof yana hawowa, abin da bai taɓa yi ba, yana ɗaga wayata da na bari a mota. Ya ce tun ɗazu take ƙara. Na duba, sunan Yaya Sale ne. Yaya ba ya kira na, ni nake kiransa.

"Habibu, kana ina?"

"Ina wurin aiki, Yaya. Lafiya?"

"Samu wuri ka zauna."

Babu wurin zama a kan juji. Na tsuguna.

"Sai haƙuri. Ummi Allah ya yi mata rasuwa ɗazu da asuba."

Ya ce numfashinta ne ya sarƙe, abin shaƙar bai yi komai ba. Wani maƙwabci mai adaidaita ya kai su asibiti, aka sa mata iska, aka kira shi Yayan ya kamo hanya. Kafin ya iso ta cika. Na ce ina Zulai, ya ce ba za ta iya magana ba. Na ji bakina yana cewa ko za a ɗan jira, ni kaina na san maganar banza ce.

"Wane jira, Habibu? An gama shirya ta. Yanzu za mu kai ta."

Na yi ta maimaita innalillahi. Pak Yusof ya ji kalmar, bai buƙaci fassara ba. Ya kwance mini safar hannu kamar yaro, ya tattara jakunkunan da bututun da kansa, ya riƙe hannuna muka gangaro.

Washegari na je ofishin da na miƙa fasfona. Matar da ke wurin ta saurare ni idonta ya kawo ruwa. Ta ce fasfon ya riga ya bar hannunsu, sai ya yi makonni. Akwai hanyar janyo shi da gaggawa, amma in an yi haka izinin ya lalace, sai in sake nema daga farko daga gida, kuma ba ta da tabbacin za a sake ba ni. Na ce ta ba ni takardar janyewar. Na fito da ita a hannu ban cike ba.

Da la'asar Zulai ta kira. Muryarta ta dushe, da ƙyar nake ji.

"Yaya ya ce za ka taho."

"Zan taho."

"Ka taho ka tarar da me? An riga an rufe ta. Shekara biyu tana tambaya ta yaushe Abba zai gama. Ka zauna ka gama. Innata tana nan tare da ni."

Na zauna. Har yau in aka tambaye ni ko daidai na yi, ba ni da amsa.

Ranar Juma'ar makon Pak Yusof ya zo ƙofar ɗakinmu da motarsa ta kansa, ya ce in sa riga. Ya kai ni ƙauyensu, gidajen katako a kan ƙafafu, kewaye da gonakin shinkafa. Ashe ya gaya wa limaminsu. Bayan an idar da salla mutane ba su watse ba, suka zauna a da'ira, tsofaffi da manoma waɗanda ban taɓa gani ba, ba su kuma taɓa jin sunan Jigawa ba. Liman ya juyo ya tambaye ni sunan yarinyar.

Na ce, "Ummi."

Ya ɗan karkata kai, ya san ma'anar kalmar. Ya ce ainihin sunanta yake so, don addu'a.

Na duba ƙasa. Sunan mahaifiyata ne, ban taɓa furta shi ba tun da na yi wayo. Suna ta jira, babu mai gaggawa. Na ce, "Hadiza."

"Khadijah," in ji liman, sauran suka gyaɗa kai, suna ne da suka sani. Ya ɗaga hannu ya yi ta ambatonta. A nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun a kan juji ya zo. Wani tsoho da ke gefena ya dafa gwiwata, bai ɗauke hannunsa ba har aka shafa.

Farfesa Lim ba ta yi mini doguwar ta'aziyya ba. Da na koma ɗakin gwaji na tarar an ci gaba da gwaje-gwajena, babu ranar da aka tsallake, kuma rubutun hannunta ne a jikin kwalaben. Bayan wani lokaci ta tsaya a bayana ta ce, "Ƙasarku wace iri ce?"

Na ce yashi ce, sunan jiharmu ma daga nan ya samo asali.

"To ka ba lissafinka irin ƙasarku, mu ga abin da zai ce."

Na ba shi. Ya ce yashi irin namu, in shi kaɗai aka rufe shara da shi, kusan ba ya riƙe komai. In kuwa aka gauraya shi da garin gawayi da taki, aka yi shi da kauri, yana tare kaso mai yawa na tsawon lokaci. Wannan ne ya zama babi na ƙarshe a kundina. Ba zan ce ramin nan ne ya kashe Ummi ba. Abin da nake aunawa ba hayaƙin wuta ba ne, kuma ban taɓa auna komai a bayan gidana ba. Likita ya ce asma, kwananta kuma ya ƙare. Amma babin nan ban iya rubuta shafi guda a zama ɗaya ba, sai na tashi na fita.

Damina biyu ta wuce a gida kafin in dawo. Ranar da zan taho Pak Yusof ya kai ni filin jirgi, ya rungume ni, ya faɗi magana mai tsawo da harshensu wadda ban fahimta ba, ni ma na mayar masa da Hausa.

Na tarar Zulai ta koma wani gida a ɗaya gefen Yalwawa. Ta rame, ta kuma rage dariya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Abban Ummi," ta karɓi jakata. Da yamma na zaga tsohon gidan. Ramin ya cika, an daddaɓe shi, wani ya gina shago a kai yana sayar da lemo da katin waya. Na tsaya ina kallon daɓen simintin, na san abin da ke ruɓewa a ƙarƙashinsa. Mai shagon ya ce me za a ba ni, na ce babu komai.

Da safe Yaya Sale ya iso daga ƙauye, muka hau babur ɗinsa zuwa maƙabarta. Yana gaba ina bin sa har ɓangaren da ake binne yara. Ya tsaya kusa da wata darbejiya, ya duba dama, ya duba hagu. Ya matsa gaba, ya dawo.

"Na kafa ɓallin tukunya a wajen kanta," ya ce. "Da hannuna na kafa."

Ruwa ya kwantar da ƙasar, ciyawa ta fito ta bushe, an kuma ƙara wasu kaburburan a layin. Babu ɓallin tukunya. Akwai ƙananan tudu guda biyu a jere, tsawonsu ɗaya.

"Ɗaya daga cikin biyun nan ne. Wallahi ɗaya daga cikinsu ne." Mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar da mahaifinmu ya rasu, sai ga shi yana share ido da hannun riga. "Ka yafe mini, Habibu. Amana ka bar mini."

Na ce babu komai, Yaya, Allah ya san wadda muke nufi. Muka tsuguna a tsakaninsu muka yi wa duka biyun addu'a. Na cire ƙayoyin da ke kan wannan, na cire na kan wancan.

Da na koma gida Zulai tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, ita ba ta taɓa ganin wurin ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ka je?"

"Na je."

"Yaya wurin yake? Akwai inuwa?"

"Akwai darbejiya, inuwarta tana kaiwa."

Na so in tsaya a nan, amma ta ɗago tana kallona, ta san da saura. Na gaya mata yadda muka tarar, kabari biyu a jere, Yaya ya kasa rabewa. Na zaci za ta yi kuka. Ta ajiye farantin a kan cinyarta.

"Ɗayan ma yaro ne?"

"Yaro ne ko yarinya, tsawonsu ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To da sauƙi," ta ce. "Dama ba ta iya kwana ita kaɗai."